Wasa Wuƙa a Gidan Mami Kadi

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi har kaji suka nufi akurki, a shekarar aka faɗaɗa titin da ya bi ta gefen unguwarmu a Tudun Wada, aka haɗa da tukubata. A wurin mahaifina ya yi tsire. Kakana kuma tun zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a Minna cike da mutane yake kai nama tasha. Ni ne na uku, a hannuna ta rushe. Na zaga gari ina neman wani wuri, duk inda na nuna sai a ce da mai shi. Ga mata, ga 'ya'ya biyar, ga tsohuwa. Saboda haka da wani mutum mai suna Ɗan'asabe ya zo da labarin cewa yaƙin Saliyo ya ƙare, ana sake gina ƙasa, kuma wani ɗan'uwansa a can yana neman mai tsire da magini, ban daɗe ina shawara ba. Abin da nake nema guda ne: inda zan tara toka in kafa tsinke, in ciyar da gidana.

Mu biyu muka bi shi. Ɗayan Bulus ne, magini, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Tudun Fulani. Ya yi shekaru yana cin tsirena yana cewa yaji ya yi yawa, kashegari kuma ya dawo.

Bamako

Hanyar Yamai da Wagadugu ba ni da abin faɗa a kanta sai ciwon baya da yawan sauka ana duba takardu. A tashar Bamako ne Ɗan'asabe ya ce mu kawo abin da ya rage a hannunmu ya je ya canzo, domin kuɗin ƙasar gaba daban ne. Ya ɗauki buhun yajina da rediyon Bulus, ya ce ɓarayin tashar nan ba su da imani, zai ajiye mana a shagon wani amininsa. Har godiya muka yi masa.

Muka zauna a gindin wata bishiya, inuwa ta bar mu, muka bi ta, ta sake barinmu. Da la'asar ta yi Bulus ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

"Malam Isa, gaskiya ya faɗa fa. Ɓarayin tashar nan ba su da imani."

"Ka yi haƙuri, Baban Rifkatu. Wataƙila layi ya tarar."

"Layin motar Abijan, ba."

Wuƙaƙena ne kawai suka tsira, domin a naɗe suke cikin tsohon buhu, ɗaure a ƙuguna. Bulus kuma cokalin gininsa da igiyar awo suna cikin jakarsa.

Wani mahauci mutumin Maraɗi, Malam Isufu, shi ya ji muna gardama da Hausa ya leƙo. Bai tambaye mu dogon labari ba. Ya dubi hannuna ya ga tabon yanka, ya ce, "Kai na gida ne." Ya ba ni aiki a tukubarsa, ya samo wa Bulus ɗaukar bulo, ya bar mu muna kwana a rumfarsa. Da muka tara abin mota sai ya ce mu juya gida, ba a bin maganar maƙaryaci har ƙarshenta. Na so in ji shawararsa. Amma na tuna yadda 'yan unguwa suka rako ni har bakin titi, na kuma tuna ko na koma ba tukubar da ke jirana. Bulus ya ce shi dai ƙarya ɗaya ce bai yarda Ɗan'asabe ya yi ba: ƙasar da aka rushe dole tana neman magini. Muka yi gaba.

Gini

A Kankan haƙorina ya kumbura har ido ɗaya ya rufe. Wata mai sayar da kunu da ba ma jin harshen juna ta kama hannuna kamar ɗanta, ta kai ni wurin wani mai cire haƙori a bayan kasuwa, ta tsaya har aka gama, ta kawo mini ruwan gishiri mai ɗumi. Ban san sunanta ba. Daga nan muka hau wata mota da aka yi wa lodi har saman rufi, kaji a ƙafarmu, akuya a kanmu. Duwatsu suka fara, ruwa ya fara. A hanyar nan na soma mafarkin doya. Ba matata ba, ba 'ya'yana ba, Allah ya gani, doya. In ga an tara ta tsibi-tsibi kamar yadda matan Gwari ke kawowa kasuwa, in miƙa hannu sai mota ta faɗa rami in farka.

A iyakar Saliyo wani soja ya taɓa ƙuguna ya ji ƙarfe. Ya sa na kwance. Da wuƙaƙe suka bayyana sai waɗanda ke bayana a layi suka ja da baya. Bulus ya yi masa bayani da turancin buroka, wanda ashe ya yi kusa da maganar mutanen can. Sojan ya naɗe su da hannunsa, ya ɗaure tamau, ya miƙo mini, ya faɗi wata magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce kada ka kwance su a hanya."

Na ɗauka maganar hanya ce kawai.

Saliyo

Ni da na ji an ce ƙasar yaƙi, toka na sa ran gani. Sai na ga kore. Ban taɓa ganin ƙasa mai ruwa da ganye irin wannan ba, ko ka jefar da sanda sai ta tsiro. A cikin koren nan ne gidajen suke. Za ka ga gida mai kyau, da baranda da matakala, babu rufi, bishiyar gwanda ta fito ta tsakiyar ɗaki. Kusa da shi wani an sa masa sabon kwano yana ƙyalli, amma bango duk hujin harsashi kamar ya yi ƙyanda. Alluna a bakin hanya ba iyaka. A lokacin ban iya karatu ba, sai yanzu da nake zuwa ajin manya hannuna ya fara sabawa da biro, don haka Bulus ke karanta mini: wannan na rijiya ne, wannan na makaranta, wannan na waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dariya. A motar nan kiɗa ake yi, ana tsokanar direba, wata mata tana raba gyaɗa. Wanda ke karɓar kuɗin mota hannunsa ɗaya ne, yana riƙe canji da haƙori, yana zagin direba kowa na dariya. Da suka ji mu 'yan Najeriya ne wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce sojojinmu ne suka fitar da shi daga wuta. Wata mata kuma ta juya mana baya har muka sauka. Ban tambayi dalili ba.

Kuɗinmu ya ƙare a wani ƙaramin gari gaba da Makeni, a mararrabar hanya. Muka nufi masallaci, domin baƙo ba shi da wani gida. Bulus ya zauna a waje yana gadin jaka. Da aka idar da salla ina addu'a a hankali, sai na ji an ce a bayana, "Malam, daga Kano ko Zazzau?"

Na juya na ga tsoho siriri, da farin gemu, hannun rigarsa na hagu a ninke an soke shi da allura. Sunansa Pa Alimami. Yana saurayi ya tashi zuwa Makka a ƙasa, ya tsaya a Kano neman guzuri, ya yi shekaru yana ɗinki, bai ƙarasa ba.

"Makka ban gani ba," in ji shi, "amma tuwo na ci har na gaji. Me ka zo nema ƙasar shinkafa?"

Na gaya masa. Ya ce nama akwai, Fulani na kawo shanu ranar kasuwa, mararrabar nan kuma motoci na tsayawa. Amma filin gaban mararrabar na wata mata ce, Mami Kadi, ƙanwarsa, sai abin da ta ce.

Mami Kadi gajeriya ce mai ƙiba, muryarta ta fi jikinta. Gidanta ɗakuna ne a jere, rabi da rufi rabi babu. Ta dube mu sama da ƙasa, Pa yana fassara. Ta ce Bulus ya gyara mata bangon kicin a maimakon haya. Ni kuma ta ce in gasa ta ɗanɗana tukuna, in ya yi daɗi in kafa a filinta, in bai yi ba in koyi noma. Ta ba mu ɗaki, ta aiko da shinkafa da miyar ganyen rogo. Wadda ta kawo kwanon wata doguwar mace ce mai goyo, Isatu, 'yar Mami Kadi. Ta ajiye, ba ta ɗaga kai ba, ta koma.

Kashegari ranar kasuwa ce, Pa ya yi mini alkawarin zai tsaya mini wurin Bafulatani a ba ni cinya.

Safiya

Duk mahauci ya san abin da ake yi bayan sallar asuba. Tun ina yaro da wannan ƙarar nake tashi. Mahaifina zai zauna a tsakar gida, wuƙa a dama wuƙa a hagu, yana goga wannan da wannan, maƙwabta su san gari ya waye. A Tudun Wada har mata kan ce ƙarar wuƙar gidanmu ta fi zakara cika alkawari.

Na dawo daga masallaci gari bai gama haske ba. Zuciyata fara ƙal. Na zauna a kan wani dutse a tsakar gidan Mami Kadi, na kwance buhu, na yi bismilla, na fara.

Ban yi nisa ba na ji an banko ƙofa. Isatu ce ta fito, ba ɗankwali ba takalmi, yaron a ƙirjinta ko goya shi ba ta tsaya yi ba. Ba ta yi ihu ba. Ta bi ta bayan kicin, ta ratsa gonar rogo, daji ya rufe ta. A wani ɗakin na ji abu ya faɗi, wata tsohuwa tana salati da ƙaramar murya. Mami Kadi ta fito ta tsaya, hannu biyu a ka.

Bulus ya leƙo. "Malam Isa, ajiye. Ajiye su ƙasa, ka matsa."

Na ajiye. Kafin wani lokaci gidan ya cika. Maza suka zo, har da samarin da ke acaba a mararraba. Na san yadda ake yi wa baƙo a kasuwa in an ce ya yi laifi, na fara kalmar shahada a zuci. Amma ba wanda ya ɗaga murya. Suka tsaya suna kallon wuƙaƙen a ƙasa. Wani daga cikin 'yan acabar, mai tabo a wuya, ya dube su, ya dube ni, ya juya ya fita.

Pa Alimami ya iso yana haki. Ya zauna a kan dutsen da na tashi, ya ce in zauna.

"Baba, me na yi? Wallahi sana'ata ce."

"Na sani, ɗana. Ni ma na manta, da na gaya maka. Na saba jin wannan a Kano." Ya dubi wuƙaƙen. "Adda kowa na da ita a garin nan, da ita muke noma. Amma a kan dutse muke wasawa, da rana, a bakin rafi. Ƙarfe a kan ƙarfe, da asuba, a tsakar gida, sau ɗaya aka taɓa yi a gidan nan. 'Yan tawaye ne suka tara mu a inda kake zaune, suna yi suna dariya, muna jira."

Ban dubi hannun rigarsa ba. Ƙasa na duba.

Na ce to mu shiga daji mu nemo ta, ni zan wuce gaba. Ya girgiza kai. Ya ce in ta ji takun maza sai ta ƙara nisa. Na ce a kira sunanta, uwarta ta kira. Ya ce su ma da suna suke kira, su sa uwa ta ce fito an yi sulhu.

"Ba ita muke ji wa tsoro ba," in ji shi. "Ta san daji fiye da kai da ni. Yaron muke ji wa. A wancan karon ma da jariri ta gudu. Suna wucewa kusa da inda ta ɓuya, ya fara kuka, ta rufe masa baki. Da suka wuce ta buɗe."

Bai ƙarasa ba, ban kuma nemi ya ƙarasa ba. A nan na manta da tukuba da cinyar Bafulatani.

Turmi

Mami Kadi ba ta tsaya jin bayaninmu ba. Ta sa aka mirgino babban turmi zuwa bayan kicin, daidai bakin gonar rogo. Aka zuba shinkafa mai ɓawo. Ita da wata maƙwabciya suka ɗauki taɓare suka fara daka.

Na tambayi Pa ko abinci za a kai mata.

"A'a. Kira ne. Lokacin yaƙi in muka watse daji, ba ma dawowa don an ce mu dawo. Sai mun ji turmi. Wanda ya zo kisa ba ya tsayawa daka."

Aka sallami maza, aka ce kowa ya tafi harkarsa, a yi magana kamar kullum, a bar kaji su fito. Ni aka ce in shiga ɗaki. Na shiga, na kasa zama. Ina jin dakan ta taga, ina jin yana raguwa. Ranar kasuwa ce, yawancin mata sun tafi tun da duhu, ba su san abin da ya faru ba. Maƙwabciyar ga ciki, Mami Kadi ga ciwon kafaɗa. Wajen hantsi ruwa ya sauko, irin ruwan can da ba ya sallama. Dakan ya tsaya.

Na fito na ce wa Pa ya roƙar mini ita ta ba ni taɓarya.

Mami Kadi ta dube ni ruwa na zuba a fuskarta, ta faɗi magana mai kaifi.

"Ta ce namiji da gemu?" in ji Pa.

"Baba, gaya mata ƙuli-ƙulin tsire ba aljanu ke daka mini ba."

Ta miƙo. Na ɗaga na sauke da ƙarfina, kamar yadda nake daka yaji. Ban yi uku ba ta riƙe taɓaryar tana faɗa. Pa ya ce ta ce wannan ba daka ba ne, fasa ƙofa ne, in Isatu ta ji wannan sai ta kai Gini. Dakan gida mutum biyu ne, wannan ya sauke wannan ya ɗaga, ba gaggawa, kamar masu hira. Na waiwaya na ga Bulus a ƙofar ɗaki.

"Baban Rifkatu."

"Ni? Malam Isa, ko a gidana ban taɓa ba. In matata ta ji wannan labari na shiga uku."

"Wa zai gaya mata?"

"Kai mana. Bakinka ya fi yajinka."

Yana faɗa yana naɗe hannun riga. Muka tsaya fuska da fuska. Da farko taɓarenmu suka riƙa karo, ya kusa fasa mini goshi. Mami Kadi ta tsaya a gefe tana tafa mana hannu, tana zaginmu da harshenta, har muka kama. Maƙwabciyar nan mai ciki dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki, sai kuma ta fashe da kuka.

Muka yi ta daka. Shinkafar ta zama gari, garin ya zama kunu saboda ruwa, aka kwashe aka zuba ɓawo zalla. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe. Da mata suka fara dawowa daga kasuwa suka ji labari, suka ajiye kaya suka karɓe mu, in sun gaji mu karɓa. Na yi azahar a gefen turmi da jiƙaƙƙen kaya. Duk wannan lokaci kunnena na daji. Abin da nake roƙon Allah in ji bai wuce kukan yaro ba, ban ji ba.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita. Taɓarya na hannuna, sai Mami Kadi ta yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ta juya ba. Pa, wanda ke zaune a ƙarƙashin baranda, ya ce, "Kada ka ɗaga kai. Kada ka tsaya."

Ta gefen ido na ga ganyen rogo na motsi. Na ga ƙafafu duk taɓo da jini. Ta tsaya a bakin gona, ta daɗe. Yaron na ƙirjinta an lulluɓe shi da ganyen ayaba, ba motsi. Ina daka, Bulus na daka. Ta zo ta wuce ta bayana, kusa har na ji numfashinta, ta shiga kicin inda aka bar wuta a kunne. Mami Kadi ta bi ta a hankali kamar mai zuwa ɗauko gishiri.

Shiru. Sai turmi.

Can sai yaron ya tsala kuka. Irin kukan yunwa da fushi, wanda in da a gida ne sai ka ce a fitar da shi waje. Bulus ya saki taɓarya ya zauna daɓas a cikin taɓo yana kiran sunan Yesu. Ni ma na zauna. Pa Alimami ya share fuska da hannunsa ɗaya ya ce, "To, Malam, ka iya daka. Saura mu ga tsiren."

Mararraba

Kashegari Mami Kadi ta kira ni gaban Pa. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma ba zan ƙara kwana a gidanta ba, domin Isatu ba za ta iya barci da ni da buhuna a bayan bango ba. Na ce gaskiya ne. Na ɗauka magana ta ƙare, na fara tunanin hanyar Bamako. Sai ta ce filin mararraba kuwa yana nan, in je in tara tokata. Sharaɗi biyu: wuƙa a bakin rafi za a wasa ta, a kan dutse, da rana tsaka tare da manoma. Kuma wannan buga wuƙa a katako da Pa ya ce masu tsire na yi don kiran ciniki, ban da shi.

"Ta ce in naman na da daɗi hanci zai kira su," in ji Pa.

Ba ta ma jira ɗanɗanawar ba. Pa ya ba mu wani ɗaki a jikin masallaci, ni da Bulus. Bulus ya ce bai taɓa tashi da wuri irin na zaman nan ba, ladan a kunnensa yake kira, saura kaɗan ya fara amsawa.

Na haɗa yaji da abin da na samu, gyaɗa akwai, citta akwai, barkononsu kuma ba ya wasa. Na kafa tukuba. Kwanakin farko hannuna da kansa yake ɗaga wuƙa zai buga katako, sai in riƙe shi. Na koyi yanka a hankali, in kwantar da wuƙa maimakon in sara. Ciniki ya zo. Direbobi suka san ni, suna kirana Oga Kankankan, sunan da suke kiran gasasshen nama da yaji. Na fara aika wa gida abin da ya samu ta hannun wani mai goro.

Waɗanda suka fi saye 'yan acaba ne. Mai tabon nan a wuya kullum sai ya zo da yamma, ya sayi tsinke biyu, ya ci a tsaye yana kallon hanya. Wata rana bayan ya tafi Pa ya ce mini, "Yana cikin waɗanda suka zo da asubar nan a lokacin yaƙi. Lokacin bai kai tsawon bindigarsa ba."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Baba, kuma yana gaishe ka kana amsawa?"

"Shi ke kai ni asibiti a babur. Ina za mu kai shi? Su ma kamo su aka yi. In mun kore su duka wa zai rage a garin?" Ya tauna namansa. "Ban ce na manta ba. Na ce ina amsawa."

Washegari yaron ya zo, na ba shi tsinkensa biyu. Hannuna bai so ba, amma na ba shi.

Isatu kuwa, in za ta kasuwa sai ta tsallaka ɗaya gefen titi tun daga nesa. Yaronta ya fara tafiya a gabana, ya fara gudu. Har na bar garin ba ta taɓa duban inda nake ba, ba ta taɓa cin abin da na gasa ba. Ban ga laifinta ba.

Damina biyu na yi a can. A ta biyun saƙo ya zo cewa tsohuwata na kwance. Na bar wa wani Bafulatani tukubar, na kamo hanya. Bulus ya ce shi sai ya ga ƙarshen gidajen da ba rufi, har yau yana can, matarsa ta bi shi. Da abin da na tara na sami wuri a hanyar Chanchaga na kafa tukuba, a nan nake. A kan dutse nake wasa wuƙa. Abokan sana'a na tsokanata wai tsiren kurame nake sayarwa, in yi dariya in bar su.

Abin da na rasa a tafiyar nan ba shi da yawa: buhun yaji, haƙori ɗaya, ɗakin gidan Mami Kadi, maƙwabtakar Bulus, da jana'izar mahaifiyata, domin na tarar an yi sadakar bakwai.

Ranar da zan taho Pa Alimami ya rako ni mota. Muna jiran ta cika na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, na gidan ƙanwarsa. Ya lissafa mini da yatsun hannunsa, da suka ƙare ya sake farawa. Mijin Mami Kadi. 'Ya'yanta maza biyu, ɗaya an ga gawarsa, ɗaya ba a gani ba. Surukarta. Mijin Isatu na fari. Rufin ɗaki huɗu. Hannunsa na hagu. Da jaririn Isatu, wanda ko suna ba a kai ga raɗa masa ba.